Kafin ka jefa matsalar kamfaninku ga jama'a

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka, batiran da kamfaninku ke haɗawa suna ɗaukar zafi su lalace kafin lokaci, injiniyoyinku sun yi iya yinsu abin ya gagara, shi ne kake tunanin sanya gasa a intanet da kyautar kuɗi ga duk wanda ya kawo mafita. Tsoronka biyu ne: kada abokan hamayya su ga sirrinku, kuma ba ka san nawa za ka sa ba. Na daɗe ina shirya wa kamfanoni irin wannan gayya. Wasu sun yi albarka, wasu sun tashi a tutar babu, kuma a waɗanda suka watse ban cika ganin sirri ko girman kyauta ya zama sanadi ba. Yawanci ana lalata gasar ne tun wajen rubuta tambayar, ko kuma bayan amsa ta zo a rasa mai karɓarta a cikin gida.

Mu fara da tambayar. Idan ka rubuta ta da yaren masu batir, masu batir ne za su amsa maka, kuma abin da suka sani injiniyoyinka ma sun sani. Ribar buɗe ƙofa ita ce ka samu mutumin da ya taɓa warware irin matsalarka a wani fanni da bai shafe ka ba. A 2007 wata cibiyar binciken malalar mai da ke Alaska ta kai ƙorafinta InnoCentive, wani dandalin intanet da ake sa irin wannan gasa: man da ake kwasowa daga teku yana daskarewa saboda sanyi, ya ƙi fita daga jiragen da aka tara shi. Wanda ya ci dala 20,000 ɗin, John Davis, masanin sinadarai ne da ba ya cikin harkar mai. Ya taɓa taya aikin zuba kankare, ya ga yadda ake girgiza shi da na'ura don kada ya sandare, sai ya ce a yi wa man haka. Karim Lakhani na Harvard da Lars Bo Jeppesen sun bi diddigin matsaloli 166 da aka sa a wannan dandali. Kusan kashi 30 cikin 100 aka warware, kuma sun gano cewa waɗanda fanninsu ya yi nisa da matsalar sun fi samun nasara. Ka riƙe adadin nan da kyau, don yana nufin mafi yawan matsalolin sun koma gida ba amsa.

Saboda haka da ni ne, ba zan ma ambaci batir a kanun gasar ba. Zan ce ina da rufaffen akwati mai girma kaza, yana fitar da zafi kaza a cikin awa, ina so zafin cikinsa kada ya wuce mataki kaza, ba tare da fanka ba, kuma kuɗin kowane ɗaya kada ya haura kaza. Mai ƙera firji zai gane wannan, mai aikin fitilun mota zai gane, mai sanyaya manyan kwamfutoci ma haka. Ka ga nan take rabin tsoronka na sirri ya kau, tunda ba ka faɗi sinadarin da ke cikin akwatin ba. Rubuta wannan shafi guda yakan ci makonni ana kai-komo da injiniyoyi, kuma sau da yawa a wajen rubutun ne su da kansu suke gane cewa ba su ma yarda da juna kan mene ne matsalar ba. Na ga kamfanin da ya fasa gasa a wannan matakin saboda amsar ta fito a teburin.

Sai ma'auni. Dole ka san yadda za ka gane amsa mai kyau tun kafin ta zo, kuma ya zama abin da za a auna, ba abin da alƙali zai ce ya burge shi ba. Lokacin da rijiyar kamfanin mai na BP ta fashe a Tekun Meziko a 2010, kamfanin ya nemi shawarar jama'a, shawarwari sama da 100,000 suka kwararo, kaɗan ƙwarai aka iya amfani da su, ga ɗawainiyar tacewa. Wanda ya ce "ku kawo shawara" kawai, to ya tanadi masu karanta tarin shirme.

Amma ma'aunin ma yana da tarko. Kamfanin fina-finai na Netflix ya sa dala miliyan 1 a 2006 ga wanda zai inganta hasashensa na fina-finan da mai kallo zai so da kashi 10 cikin 100. Ma'auni tsaf, kwamfuta ce ke auna shi, ba gardama. Aka shekara uku ana fafatawa, a 2009 wata haɗakar ƙungiyoyi ta ci, ta riga abokiyar karawarta miƙa amsa da kusan minti 20. Daga baya kamfanin ya bayyana cewa bai ɗora cikakkiyar amsar da ta ci a kan tsarinsa ba. Ɗaruruwan dabaru ne aka cakuɗa, wahalar girka su ta fi ribar, kuma kafin nan kasuwarsa ta karkata daga aika faifai zuwa kallo kai tsaye. Masu gasa abin da ka ce za ka auna shi za su bi, ko da zai kai su inda ba za ka iya ƙerawa ba. Ka sa kuɗin ƙerawa da samuwar kayan aiki a cikin sharuɗɗa, kuma kada gasar ta yi tsawon da kasuwa za ta wuce ta.

Batun sirri, tambayi kanka abu ɗaya: idan abokin hamayya ya ga wannan bayanin, me zai iya yi da shi ba tare da ni ba? A shekarar 2000 Rob McEwen, shugaban kamfanin zinare na Goldcorp a Kanada, ya saki bayanan ƙasar ma'adinarsa ta Red Lake a intanet, ya sa dala 575,000 ga masu nuna inda za a haƙa. A harkar ma'adinai wannan kamar hauka ne a lokacin. Amma filin nasa ne, duk wanda ya ga taswirar ba shi da ikon sa diga a ciki. Naka ba haka yake ba. Tsarin haɗa batirinka abu ne da wani zai iya kwafa, don haka shi ka ɓoye, ka saki alƙaluman zafi kawai. Akwai dandalin da ke ɓoye sunan kamfani, mai shiga kuma ya sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri kafin ya ga cikakken bayani. Bayanan kwastomomi kam kada ka kuskura. Netflix ya goge sunaye kafin ya saki nasa, amma masu bincike biyu a Jami'ar Texas suka nuna ana iya gano wasu mutanen ta hanyar gwada bayanan da na wani shafin fina-finai. Ƙara ta biyo baya, aka soke gasa ta biyu a 2010.

Inda na fi ganin asara shi ne bayan an raba kyauta. Amsa ta zo daga baƙo, a miƙa ta ga mutanen da suka shekara suna fama da matsalar, su kuwa su ji kamar an ce musu ba su iya aiki ba. Ba za su ce sun ƙi ba. Za su ce "za mu duba", takardar ta kwanta. Ko NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ba ta tsira ba: wani injiniyan rediyo da ya yi ritaya, Bruce Cragin, ya ci dala 30,000 a gasarta ta hasashen guguwar da ke tasowa daga jikin rana, amma binciken Hila Lifshitz-Assaf ya nuna wasu masana hukumar sun ɗauki tsarin a matsayin barazana ga matsayinsu. Maganin da na ga yana aiki shi ne babban injiniyanka ya zama mai gasar. Shi zai rubuta tambayar, sunansa ne a kai, kuma a ware masa kuɗi da lokacin gwada amsoshi uku na farko tun kafin a buɗe. Idan ba ka da wannan kuɗin gwaji, ka dakata tukuna.

Sai dai kada ya zama shi kaɗai ne alƙali, musamman idan yana da tasa dabarar da yake so ta ci. Majalisar Birtaniya ta sa fam 20,000 a 1714 ga mai gano hanyar sanin matsayin jirgi gabas da yamma a teku. John Harrison, kafinta mai ƙera agogo, ya kawo agogon da ya yi aiki, amma cikin alƙalan akwai Nevil Maskelyne, masanin taurari mai goyon bayan hanyar auna wata. Aka yi ta ƙara masa sharuɗɗa, sai a 1773, yana da shekara 80, majalisa ta cika masa mafi yawan ragowar kuɗin bayan sarki ya sa baki. Masu shiga gasa suna magana da juna, kamfanin da ya sauya doka a tsakiya ba zai ƙara ganin ƙwararru ba.

Kuɗin kyauta kuwa, ka ƙiyasta kwanakin da ƙwararre zai ɓata a kan aikin, ka tuna cewa yana iya faɗuwa ya tashi ba komai, sai ka ninka. Gara ka raba gida biyu: ƙaramar kyauta ga mutum uku zuwa biyar da takardarsu ta fi ma'ana, babbar kuma ga wanda samfurinsa ya ci gwaji a ɗakin bincikenku. Ka rubuta ƙarara cewa wanda bai ci ba dabararsa tasa ce, wanda ya ci kuma ko mallaka yake sayar muku ko izinin amfani. Wannan sharaɗin lauya ya rubuta shi, ya kuma duba ko mai nasarar ma'aikacin wani kamfani ne, domin a wurare da yawa abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a fannin aikinsa na ubangidansa ne, ba shi da ikon sayar maka. Idan ka rubuta shafin tambayar, turo shi ba tare da sunan kamfani ba, mu duba maka ko wanda ba ɗan fannin ba zai gane.