Amsa ga ƙanina na Manchesta kan tseren dutsen Grasmere

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, wanda zancen gudu bai dame shi ba ya wuce abinsa.

Ƙanina na Manchesta, kai nake amsawa. Tun da rana na saurari muryarka ina wurin aiki, sai yanzu na samu zama. Ka ce ka ga sanarwar tseren dutse na ƙauyen Grasmere da ke arewacin Ingila, ka duba ka ga kilomita biyu da rabi ne kacal, kai kuwa kana cinye kilomita goma a kan titi cikin minti hamsin, don haka kana ganin ranar kawai za ka je ka karɓi lamba ka shiga da kambas ɗinka na kullum. Kuma ka tambaya ko na taɓa yi.

Na taɓa yi. Kuma wallahi ina so ka yi, don tunda na zo ƙasar nan ban shiga wani abu da ya zauna mini a rai kamarsa ba. Amma ba yadda ka tsara ba. Wannan kilomita biyu da rabin da ka gani, shi ne ya yaudare ka.

Ka ga, akwai wata lamba a gefen nisan da ba ka kula da ita ba. Hawan da ke ciki kusan mita 270 ne. Ka ƙaddara bene mai hawa casa'in, ka hau shi da ƙafa, babu matattakala, sai ciyawa da laka da duwatsu, kuma duk hawan nan a cikin rabin tafiyar yake, ɗaya rabin kuma ka sauko da gudu. Dala da muke hawa muna yara a Kano ko kusa bai yi ba. Wanda ya kafa tarihi a wannan tseren, Fred Reeves, a 1978 ya yi shi, minti 12 da daƙiƙa 21, aka shafe fiye da shekara arba'in ba wanda ya karya. Gwani irinsa a titi miƙaƙƙe minti bakwai ko takwas ya ishe shi wannan nisan. Ni minti ashirin da huɗu na yi, kuma na yi shiri na wata uku kafin nan.

Su a nan arewacin Ingila suna ce wa irin waɗannan duwatsun fell, tsohuwar kalma ce da suka gada daga mutanen Sikandinebiya da suka zauna a yankin. Suna da ƙungiya tasu ta masu wannan gudun, FRA, tun 1970, kuma ita ta kasa tseren kashi-kashi. Idan ka ga harafin A, ana nufin in an raba hawan da nisan, kowace kilomita tana da hawan da bai gaza mita 50 ba, kuma titi bai wuce kashi 20 cikin ɗari na hanyar ba. B da C sun fi sauƙi. Harafi na biyu kuma nisa ne, S gajere, kilomita goma ko ƙasa da haka, M matsakaici, L dogo, daga kilomita ashirin zuwa sama. To yi lissafin Grasmere da kanka, mita 270 a kilomita biyu da rabi, ya ninka abin da ake buƙata a kira tsere A har sau biyu da ɗoriya. Ka gane? Gajere ne, amma a tsaye yake.

Bari in ba ka labarin yadda ranar take, don ka san abin da za ka tarar. A ƙarshen watan Agusta ake yi, kuma ba tseren kaɗai ba ne, bikin ƙauye ne guda, wanda suke yi tun ƙarni na 19. Akwai kokawa irin tasu ta yankunan Cumberland da Westmorland, a kan ciyawa, mutum biyu su rungumi juna ƙirji da ƙirji, kowa ya sarƙe hannuwansa a bayan ɗan'uwansa, wanda ya fara taɓa ƙasa da wani abu ban da tafin ƙafa, ko ya saki riƙo, ya faɗi. Da na tsaya kallo sai da na tuna kokawar kaka a ƙauyen kakanninmu, irin yadda dattawa ke zagaye fili suna gyaɗa kai. Akwai kuma tseren karnukan farauta da ke bin sawun ƙamshi a kan duwatsu. Sai can da rana ta yi a kira manyan masu gudu. Sunan tseren ma na 'yan jagora ne, don a da mutanen da ke yi wa baƙi jagora a kan duwatsun su ne ke gwada ƙafa da juna, tare da makiyayan tumaki. Abin nasu na makiyaya ne tun asali. Joss Naylor, shahararren mai gudun dutse wanda kowa a yankin ke girmamawa, ya rasu a 2024 yana da shekara 88, makiyayi ne daga kwarin Wasdale.

Ana ba da alama kowa zai fita a guje kamar an kora shi. Nan ne kuskure na farko. Filin farko shimfiɗaɗɗe ne, jiki da ƙarfi, mutane na ihu, sai ka biye wa na gaba. Kafin minti uku ƙasa ta miƙe tsaye a gabanka, numfashi ya ƙare, kuma ko kwata ba ka yi ba. Daga nan gudu ya ƙare, sai tafiya. Kada ka ji kunyar wannan, har na sahun gaba idan wurin ya yi tsaye sosai tafiya suke yi. Ka sunkuya, ka dafa hannuwanka a kan cinyoyinka dab da gwiwa, kana dannawa da kowane taku, taku gajeru, ba tsayawa. Sha-raɓarka za ta yi zafi kamar an sa mata wuta. Za ka ji bugun zuciyarka a cikin kunne. Babu mai magana, ba ka jin komai sai hakin mutane a gaba da baya. Akwai wata ciyawa mai faffaɗan ganye da ta rufe gefen dutsen, a watan Agusta tana kai wa mutum ƙugu, wani wurin har ƙirji, ba ka ganin inda kake taka ƙafa sosai. A wasu wuraren da hannu na riƙa kama ciyawar ina jan jikina.

Yauwa, muryar ta katse, an kira ni. Bari in ci gaba.

To ka isa sama, wurin tuta a kan dutsen da ake kira Butter Crag. Akwai masu kula da tsere a tsaye suna rubuta lamba, ɗaya daga cikinsu ya kira lambata ya ƙarfafa mini gwiwa, har yau ina jin muryarsa. Na ɗaga kai na daƙiƙa biyu, ga tafkin Grasmere can ƙasa, ga filin biki ya koma ɗan ƙarami kamar faifai. Ka san me? A ranka za ka ce wahala ta ƙare. Ƙanina, a nan tseren yake farawa. Wannan ita ce maganar da ta sa na yi wannan muryar gaba ɗaya.

Hawa kowa mai ƙarfin huhu zai iya, kai ma da minti hamsin ɗinka za ka iya, ko da jan ciki ne. Gangara kuwa ilimi ce daban, kuma titi ba ya koyar da ita ko ka shekara goma kana gudu a kansa. Na wuce mutum biyar ko shida a hawa, dattawa masu furfura da mata biyu, a gangara dukkansu suka wuce ni kamar ina tsaye. Wani dattijo ya zo ta gefena, hannuwansa a buɗe kamar fikafikai, ƙafafunsa kamar ba sa taɓa ƙasa, kafin in ƙifta ido ya ɓace cikin ciyawa. Ba ƙarfi ya fi ni ba. Shi ya san ƙasar, ƙafarsa ta san ta tun yana yaro.

Abin da jiki ke gaya maka idan ka ga gangara a tsaye shi ne ka ja baya, ka kafa diddige, ka taka birki. Wannan shi ke kayar da mutum. Da zarar nauyinka ya koma baya, diddige ya sauka a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, sai santsi ya kwashe ƙafar ta yi gaba ta bar ka. Abin da ake so, ka ɗan karkato gaba kaɗan, ƙirjinka a saman gwiwarka, gwiwa a lanƙwashe, taku ƙanana masu sauri, ƙafa tana taɓawa tana tashi. Idonka kada ya tsaya a kan ƙafarka, ya kasance taku uku ko huɗu a gaba, yana zaɓa mata wurin sauka kafin ta iso. Hannuwa kuma ka sake su, su ke riƙe maka daidaito. Faɗarsa da baki sauƙi gare shi. Sai ka yi ta maimaitawa a gangara ta gaske har tsoron ya ragu, ba wata hanya. Kuma ka tuna ƙafafun da za ka sauko da su, su ne waɗanda hawa ya gama tatse wa ƙarfi, suna rawa a ƙarƙashinka.

Sai maganar kambas. Don Allah ka ajiye shi a gida. Ni da kaina na fara atisaye da irinsa a dutsen Pendle, ranar an yi yayyafi, na zame na yi targaɗe a idon sawu, sati uku ban yi gudu ba. Laifina ne, an gaya mini ban ji ba. Takalmin titi ƙasansa sumul yake, kuma yana da tudu mai laushi da ke ɗaga ƙafa sama, idan ka taka gefen dutse sai ya murɗe da kai. Na dutse ƙasansa haƙora ne na roba masu tsini da ke cizon laka da ciyawa, kuma ba shi da tudu, ƙafarka na kusa da ƙasa. Akwai Walsh da ake yi a Bolton kusa da kai, akwai Inov-8, akwai wasu. Ba sai sabo ba, na hannu ma ya wadatar idan haƙoran ba su cinye ba. Amma ka sani, ko da shi, jiƙaƙƙen dutse yana da santsi, inda ka ga ciyawa a gefe ka taka ciyawar.

Kayan da za ka tafi da su kuma, a dogayen tsere dole ne mutum ya ɗauki rigar ruwa da wandonta, hular sanyi, safar hannu, taswira, kamfas, usur da ɗan abin ci. A gajere irin wannan mai shirya tseren ne ke yanke abin da za a ɗauka, ya danganta da yanayin ranar. Ka zuba su a jaka ka tafi da su, in an ce ba a buƙata ka bar su a mota. Sama a yankin nan ba ta da tabbas, rana na haske sai hazo ya sauko ya rufe kan dutsen, iska ta taso, mutum da jiƙaƙƙiyar singileti idan ya ji ciwo ya zauna, sanyi na iya yi masa illa ko a watan Agusta. Kuma akwai doka ɗaya da ba sa wasa da ita, idan ka fasa a tsakiyar hanya dole ka je wurin masu shiryawa ka ce ga lambata, na fita. In ba haka ba za su ƙirga su ga saura mutum ɗaya, su tura mutane hawa dutse nemanka kana can a mota.

Ni dogon wando mai kama jiki nake sawa a ƙarƙashin gajeren, ya rufe mini gwiwa, kuma ya kare ni daga kaska, don ciyawar nan da tumaki ke kiwo a ciki tana da kaska, cizonta kuma na iya sa cuta. Idan ka dawo gida ka duba ƙafafunka da kyau. Kada ka ci abinci mai nauyi dab da lokacin, ka ba shi awa uku. Ka ɗumama jiki sosai kafin a fara, minti goma sha biyar ko fiye, don tseren ba ya ba ka lokacin da jiki zai farka a hanya.

Hajiya, na ga tambayarki ke ma game da ko yara na shiga tseren. Ana yi musu nasu, rukuni-rukuni gwargwadon shekaru, ƙananan ba sa kaiwa sama, a ɗan hau da su a juyo. Daga filin ana hango yawancin hanyar, za ki iya bin su da ido. Ki kawo su ko kallo ne su yi bana.

Abin da ban manta ba shi ne shigowa fili. Wanda ya zo na ɗaya 'yan badujala ke tarbarsa da kiɗa, wannan ya wuce tun ina can sama. Amma mutanen ba su watse ba, suna tsaye a bakin igiya suna tafa wa kowa har na ƙarshe. Na shigo laka har gwiwa, na zube a ciyawa, dattijon nan da ya wuce ni ya zo ya miƙo mini hannu ya tambaye ni ko karo na farko ne, na ce eh, ya ce in dawo baɗi. Washegari cinyoyina sun yi tsami, rana ta biyu ta fi tsanani, sauka daga bene da baya-baya na riƙa yi, zuwa sujada da tasowa sai da dafa bango. Aikin gangara ne wannan, ba na hawa ba. Kwana huɗu ya sake ni.

Saboda haka ga abin da za mu yi. Muna da sati tara. Asabar ɗin nan ka shigo jirgin ƙasa zuwa Preston da safe, in ɗauke ka mu tafi Pendle ta ƙauyen Barley, tsayinsa mita 557, gefen nan a tsaye yake sosai. Za mu hau a hankali mu sauko sau biyu, ina gaba kana kallon inda nake taka ƙafa. Ka turo mini lambar takalminka yanzu, ina da tsohon nawa guda, in ya yi maka sai ka fara da shi. Sai da safe.