Tambaya da Amsa: Matar da ta kafa jarida a Kanada a 1853

Tambaya: Assalamu alaikum. Wace ce baƙar fata mace ta farko da ta mallaki jarida a Arewacin Amurka, kuma me ya durƙusar da jaridar? Daga wata ɗalibar aikin jarida, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Sunanta Mary Ann Shadd. An haife ta a 1823 a Wilmington ta jihar Delaware, kuma 'ya ce, ba ta taɓa bauta ba. A 1850 Amurka ta kafa dokar kamo bayin da suka gudu, har ya zama ɗa ma bai tsira ba. Sai ta ƙaura Kanada a 1851, ta buɗe makaranta a Windsor.

Jaridarta, Provincial Freeman, ta fara fitowa ran 24 ga Maris, 1853. Daga nan aka ji ta shiru shekara guda, don bugun na gwaji ne. Mary ta shiga gari-gari tana lacca tana neman masu biyan kuɗin shekara, sai a Maris 1854 jaridar ta dawo, ana buga ta a Toronto, shafi huɗu kowane mako. A 1855 jaridar ta koma Chatham.

Kuɗi ne ya kayar da ita. A lokacin da hannu ake jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure su cikin firam na ƙarfe, a shafa tawada, sannan a danna takarda. Kuɗin takarda da tawada da ladan mai jera haruffa ba sa jira, duk mako sai an biya. Masu karatun kuwa da yawansu sababbin tserewa ne daga bauta, hannunsu babu komai, wasu ko karatu ba su koya ba tukuna. A karɓi jarida bashi, biya ya gagara. Kafin shekarun 1850 su ƙare, jaridar ta tsaya.

Abin takaici, da farko sai da ta sa sunan namiji, Samuel Ringgold Ward, a matsayin edita, ita kuma tana sa hannu da M. A. Shadd, alhali ita ke ɗauke da aikin. Da aka gane mace ce, suka ya yi yawa, har ta sauka daga kujerar edita a 1855.

Daga baya ta karanta lauya a Jami'ar Howard, ta kammala a 1883. Ta rasu a Washington a 1893.