Kafin ka ba yaran waya

Ka ce wata firamare a Yelwa ta nemi ka riƙa koya wa 'yan aji shida haɗa bidiyo, amma ba su da kyamara, sai wayoyi biyu na malamai, shin aikin zai yiwu? Ɗana, wayoyi biyun sun isa har da saura.

Makon farko kada ka fito da waya ko kaɗan. Kowane yaro ya rubuta abin da yake son nunawa a layi ɗaya, misali yadda innarsa take toya masa, sannan ya miƙe ya faɗa wa 'yan ajinsu. Wanda bai iya faɗa da baki ba, kyamara ba za ta faɗa masa ba. Abin da makarantar ke buƙata ke nan: yaro ya san inda zai fara magana da inda zai tsaya.

Sai ɗauka. Daga nesa a ga rumfar, a matso a ga mai toyawa, a ƙara matsowa har a ga ƙullu yana sauka cikin tanda, mai yana tartsatsi. Yara sukan yi ta yawo da waya, to ka sa su manne gwiwar hannu a jiki, su ƙirga goma kafin su motsa. Rana ta kasance a bayan mai ɗauka, in hunturu ne a goge idon kyamarar.

Sauti kuwa ka tsaya masa da gaske. Mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma in janareto ko baburan bakin Wunti suka danne magana, ya wuce. A kusanto da waya, a saurara da abin kunne kafin a bar wurin.

CapCut, manhajar yanka bidiyo da haɗa shi, ya zo ƙarshe, don in suka fara da shi za su cika aikin da ƙyale-ƙyale. Ka yanka musu iyaka, kada bidiyon ya wuce minti ɗaya.

'Yan matan ma su riƙe waya, kada maza su kankane ta. Kuma fuskar yaro ba ta hawa Facebook ko TikTok sai da yardar iyayensa, dokar kare bayanai ta 2023 ma ta tanadi haka. Ka ce wa hedimasta ya karɓo amincewarsu a rubuce kafin ka shiga aji.