Muryar Anti kan madarar shanu ɗanya da kayan gona a Ingila

Wannan muryar da Anti ta turo ce jiya da daddare, na rubuto ta saboda waɗanda suka ce suna wurin aiki ba damar saurare.

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da dare, ya sanyi ya yara. Ƙanwata amaryar Birmingham na ji saƙonki tun la'asar, hannuna na cikin aiki ne shi yasa ban amsa ba, kuma maganar tafi ƙarfin rubutu gara in yi ta da baki. Kince madarar kanti ta fita ranki salam take ba ɗanɗano, kina son ta shanu ɗanya wadda aka tatso yanzu yanzu irin ta ruga, kuma kina tambayar inda ake samun ƙwai da ganye da nama na gona, gashi ciki ya shiga wata biyar kwaɗayin fura da nono ya hanaki sakat. Allah ya raba lafiya, Allah ya sauke ki cikin sauƙi.

Toh akwai ta, kuma ba a ɓoye ake sayarwa ba. A nan Ingila da Wales da Ireland ta Arewa doka ta yarda, amma sai dai manomin da ke da rajista ya sayar miki hannu da hannu, ko a ƙofar gonarsa, ko a kasuwar manoma, ko ya kawo miki gida, ko ta injin da ya girke a gonar. Shi yasa ko ki zagaye Tesco da Asda da Aldi tun safe har dare bazaki ganta ba, kanti baya da izinin ajiye ta. Hukumar abinci FSA tana da jerin gonakin da ta yiwa rajista a shafinta, ki sa maigida ya duba wadda tafi kusa daku, ai kewaye muke da gonaki, Warwickshire, Worcestershire, Shropshire, Staffordshire duk ƙasar shanu ce. Wasu ma aikowa suke a kwali da ƙanƙara, irin su Fen Farm ta can Suffolk. Ana zuwa duba musu gona, ana ɗiban madarar a gwada, kuma dole garken ya zama ba tarin fuka. Hajiyarmu ta Glasgow ke kam kar ki wahalar da kanki, Scotland ta hana sayar da ɗanyar madarar shanu tun 1983, a 2006 kuma suka haɗa harda ta awaki da tumaki.

Amma ƙanwata dan Allah dan Annabi, da cikin nan kar ki kai ta baki ɗanya. Ba ke ba, ba yara ƙanana ba, ba tsofaffi ba, ba mai wani ciwo da ya raunana masa jiki ba. Su kansu masu sayarwar doka ta tilasta musu rubutawa a jikin kwalbar cewa ba a ɗora ta a wuta ba, zata iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Saniya lafiyarta ƙalau, mai tatsa ya wanke hannu ya wanke hantsa, amma ɗan kashin da ido ma baya gani in ya faɗa ciki shikenan. Akwai wadda ake cewa listeriya, ita ce nafi ji miki tsoro, dan uwa sai ta ji ɗan zazzaɓi kawai da ciwon jiki ta ɗauka mura ce, alhali cutar ta ratsa mahaifa, ciki ya zube ko a haifi ɗa ba rai, Allah ya tsare. Akwai ikolai mai lamba O157, yaro ya fara da gudawa da jini daga nan ta taɓa masa ƙoda. Ba ina tsorata ki bane, ina so ne ki sha nononki hankali kwance.

Na san wata zata ce ai Anti a gida da shi muka tashi ba abinda ya samemu. Ku tuna dai da kyau. Kindirmon nan mai kauri da Bafulatana ke buɗe faifai ki ga ya kwanta a ƙwarya luƙui, ludayi ya yanka ya bar gurbi, ai sai da ta dafa madarar tukuna, ta bari ta huce, ta zuba ɗan nonon jiya ta rufe ya kwana. Shi kuwa wanda ba a dafa ba, mu nawa muka san masu zazzaɓin dare da ciwon gaɓoɓi wata da watanni ana ta basu maganin maleriya da taifot baya ji, wani a ƙarshe a gano daga nonon dabba ne, wani tarin fuka ne irin na shanu. Ba a dai cika binciken tushen abin bane a can.

Kuma ni a ganina abinda bakinki ke nema ba ɗanyantakar bace, maiƙon ne da tsamin. Madarar kanti abu biyu ake mata. Na farko a ɗumama ta zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15 a kashe ƙwayoyin cuta, wannan ba shi ke kashe daɗin ba sosai. Na biyu a matsa ta ta wani inji da ƙarfi a farfasa maiƙon ya bi jikinta, shi yasa ko kwana nawa tayi bazaki ga komai ya taso sama ba. Sannan in mai koren murfi kike ɗauka ai an ma kwashe kusan rabin man, mai jan murfi kuwa an kwashe shi kusan duka. Ki ɗauki mai shuɗin murfi aƙalla. In kina son wadda tafi, ki nemi ta shanun Jersey ko Guernsey mai murfi ruwan zinari, maiƙonta ya kai wajen kashi 5 cikin ɗari, har wani rawaya rawaya take, ki duba wadda aka rubuta ba a farfasa mata maiƙo ba zaki ga ya toshe wuyan kwalbar sai kin girgiza. Ki lura fa, a kwalbar gilashi ta gona koren murfi na iya nufin ɗanya ce, a robar kanti kuma mai rabin mai, kar su rikice miki. Kuma yawancin injinan madara da zaki gani a bakin gonaki, waɗanda kike sa kwalba ki danna ta zubo da sanyinta, dafaffiya ce wadda aka tatsa a gonar ba a farfasa ba. Ni ita nake saye, tafi ta kanti tsada amma wallahi kuɗinki bai faɗi ba.

In kuma ran maigida ya nace sai ɗanyar, ba laifi ku sayo, ku je da jakar ƙanƙara, kuna isowa gida ki juye a tukunya mai kaurin gindi ki ɗora a wuta kaɗan kaɗan kina juyawa har ta taso, ki sauke. Kar wani ya ce miki tafasawa na kashe amfaninta, sinadarin ƙashi da na gina jiki suna nan daram.

Yanzu ga kindirmon. Lita biyu, ki tafasa ko da dafaffiyar ce dan shi ke sa yayi kauri, ki bari ta huce har ki iya sa ɗan yatsanki mai tsabta ki ƙirga goma bai ƙone ki ba amma kina jin ɗumin sosai. In tayi zafi zata kashe irin, in ta huce da yawa bazai kama ba, nan ne yawancin mutane ke samun matsala. Ki ɗebo yogot fari mara suga wanda aka rubuta yana da rai, cokali huɗu, ki dama da 'yar madarar a kofi ki juye ciki, ki rufe ki naɗe da bargo ki kai ɗan ɗakin nan na tukunyar ruwan zafi ko gefen hita, kar a motsa shi kar yara su buɗe, ya kwana. Da asuba zaki ga ya kama. Garin nan da sanyi, in kina son tsami irin na gida sai kin ƙara masa lokaci zuwa azahar kafin ki sa a firiji. Ki rage kaɗan dan na gaba. Ranar da kasala ta kamaki kuma, shiga shagon 'yan Poland ki ɗauki kefir ko maslanka, tsaminsu yafi komai kusa da nonon da aka kaɗe aka cire mai, akwai laban a shagunan Larabawa na Coventry Road, ayran na Turkawa kuma da gishiri bazai yi fura ba.

Man shanu ma kina iya yin abinki. Kirim mai kauri zaki saya, ki sa masa cokalin kindirmo ya kwana, da safe ki buga da injin kek har ya rabu man gefe ruwan gefe, ki wanke man da ruwan sanyi ki soya da albasa. Wannan kwanan da yayi da tsami shi ne ƙamshin da kike ji a miyar kuka ta gida, wanda mafi yawan gi, wato man shanun Indiyawa na gwangwani, baida shi.

Geron fura kuwa yana nan zube a Soho Road da Stratford Road da Alum Rock, ki ce bajra, geronmu ne sak Indiyawa ma cinsa suke, akwai tsaba akwai gari. Dawa jowar suke ce mata. Citta, kanumfari, masoro, barkono, tsamiya duk a shago ɗaya. Yakuwa ɗanya ki tambayi gongura, ganyen zogale a shagunan Tamil, lalo daskararre wajen Larabawa da sunan mulukiya, zoɓo wajen 'yan Jamaika. Kuka ce sai shagon 'yan Afirka ko a taho miki da ita, dan farin garin baobab da ake sayarwa a shagunan kayan lafiya na 'ya'yan ne ba na ganyen ba.

Tunda nazo kan tsaraba, dan Allah ku gayawa masu zuwa su daina sako kilishi da dambun nama da man shanu a akwati. Nama da duk abinda aka yi da madara daga Najeriya ko Nijar haramun ne shigo da shi, karɓewa zasu yi a filin jirgi, wani lokacin harda tara. Tun watan Afrilu 2025 ma ko daga Faransa ko Jamus ka taso an hana. Mutanen nan sunga tashin hankali a 2001 da ciwon baki da kofato ya shigo, dabba sama da miliyan 6 aka kashe, basa wasa da maganar ko kaɗan.

Ƙwai, in kun fita ƙauyuka zaki ga ɗan akwati a bakin hanya da tire tire na ƙwai da gwangwanin jefa kuɗi ba kowa a wurin, ki ɗauka ki ajiye kuɗinki. Irin wannan sau da yawa ba hatimi, toh ki dafa shi sosai har gwaiduwar tayi tauri. Na kanti kuma lambar farko a jikin ƙwan ita ce labarin, 0 da 1 kajin suna fita yawo, 2 a rumfa suke, 3 a keji. Kaza in kina son mai ƙarfin nama irin ta Hausa ki cewa mahauci da Turanci “hard chicken” ko “boiler”, tsohuwar kazar ƙwai ce, sai tasha wuta amma romonta ba a magana. Ana samun zabo ma jefi jefi.

Maganar rago, maza ku saurara da kyau. Kar wani ya jaku gona yace ku zaɓa a yanka muku a bayan rumbu. Yanka sai a mayanka mai lasisi, ko na layya ne ko na suna, ka bada oda wajen mahaucin halal yanada mayankar da yake hulɗa da ita, ki duba takardar HMC ko HFA, ƙungiyoyin da ke tantance naman halal, a jikin shagon. Ragon da aka babbake da fatarsa da ake yawo dashi a bayan mota ma doka ta hana, ba likitan dabbobin da ya duba shi, kar a kawo miki gida.

Ganye da kayan itace sai bazara. Daga Yuni zuwa Satumba akwai gonakin da kike shiga da kwando ki tsinka da hannunki a auna ki biya, wajen Evesham nan kudu damu anan ake noman kayan lambu sosai. Amma abinda nafi so ki sa a ranki shi ne fili. Kansil na bada hayar 'yar gona, alotmen, Birmingham kaɗai tana da sama da wuri 100, kuɗin shekara bai taka kara ya karya ba, layi ne dai da tsawo, ki sa suna tun yanzu kafin ki haihu ki yi arba'in. Ki leƙa na Uplands a Handsworth ki ga tsofaffin Jamaika da Punjabawa yadda suka cika wuri da kalalu, alayyahunmu ne, da kabewa da masara da albasa. Alayyahu na yi sosai in kin jira sanyi ya wuce, ƙarshen Mayu. Kuɓewa da attaruhu ne sai cikin rumfar leda ko ta gilashi. Duk abinda ya fito daga ƙasa ki wanke shi tas, in zaki taɓa ƙasar ki sa safar hannu saboda cikin, kuma in kunje gona lokacin haihuwar tumaki kar ki matsa kusa dasu.

'Yar'uwarmu ta Jamus, ku naku injinan na gona akwai allo a jiki da ke cewa a tafasa kafin a sha, ki bi shi. Na Amurka kowace jiha da dokarta, kuma tun Maris 2024 da aka samu murar tsuntsaye a shanun madara a Texas abin ya ƙara zama na taka tsantsan. Kanada kam an hana gaba ɗaya.

Ƙanwata ranar Asabar in Allah ya kaimu zan je ɗiban madara, ki tambayi maigida in ya amince in biyo in ɗauke ki bayan azahar, ki wanke kwalabe biyu ki tanada. Zan taho miki da irin kindirmona da fura na cura, ke dai ki nemo bargon da zaki naɗe tukunya. Ki turo min adireshin ta gefe ba a gurup ba. Sai da safenku, a shafa min kan yara.