Hani, dabaibayi ko linzami?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar likitanci ce a Jami'ar Ahmadu Bello. A ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda ke wajen ƙeya, akwai ƙwayoyin jijiya da aikinsu shi ne rage wa wasu kuzari. Na so in yi wa mahaifina bayani da Hausa, na ce masa "hani" suke yi. Sai ya yi dariya ya ce, "Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza." Me yake nufi, kuma wace kalma ta dace?

Amsa: 'Yata, abin da Baba yake nufi a fili yake. Linzami ƙarfe ne da aka ƙera domin bakin doki, kaza ba ta da inda za ta riƙe shi. Ana kawo wannan karin magana idan al'amari ya fi ƙarfin mutum, ko ya wuce matsayinsa. Wato cewa ya yi karatun naki ya sha kansa. Sai dai a cikin barkwancin ya miƙo miki kalmar da kike nema.

Hani maganar hukuma ce da shari'a, shi ya sa ake gwama shi da umarni. In an hana, an hana ke nan, babu kaɗan babu da yawa. Takunkumi baki yake rufewa, ko da yake 'yan jarida sun kai shi fagen siyasar ƙasashe. Dabaibayi ɗaure ƙafafun dabba ne don kada ta yi nisa. Birki ya ɗan matso kusa, amma rage gudu kawai ya iya. Ni dai linzami na zaɓa. Asalin kalmar Larabci ne, lijam, amma ta daɗe da zama 'yar gida.

Ki tsaya a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan Sallah ki kalli masu jahi. Mahayi zai sako doki a guje, ƙura na tashi, sai ya zame shi cak a gaban Sarki, ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Ƙaimi ne ya kawo gudun, amma tsayawa daidai wurin da ake so aikin linzami ne. Da shi ake ja, da shi ake juyawa, kuma sassauta shi ma magana ce da doki yake ji.

Haka abin yake a ƙeya. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin ƙwaƙwalwa ba, amma cikin ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 da ke kan ɗan Adam, wajen biliyan 69 a nan suke cunkushe. Manyan cikinsu su ne ƙwayoyin Purkinje, masu rassa kamar mafici, waɗanda suka ci sunan masanin nan ɗan Cek da ya bayyana su a 1837. Duk saƙon da zai fita daga ɓawon ƙaramar ƙwaƙwalwa ta hannunsu yake fita. A 1964 Masao Ito na Japan da abokan aikinsa suka nuna cewa saƙon nasu duk na ja ne, babu zuga a ciki. Sinadarin GABA suke saki, shi kuwa yana rage wa ƙwayar da ya sauka a kanta saurin zabura. Ko mutum yana zaune bai motsa ba suna nan suna aikawa, sau da yawa wajen sau 50 a daƙiƙa guda.

Ga inda kalmar hani take gazawa ƙwarai. Su kansu ƙwayoyin Purkinje akwai masu jan su, wato ƙwayoyi masu kwando da masu siffar tauraro. Da waɗannan sun ja, sai Purkinje ta ɗan yi shiru, ƙwayoyin da take riƙe da su can ciki su sami sarari su aika nasu saƙon. Ja a kan ja ya haifar da saki. Gwada faɗin wannan da "hanin hani" ki ga yadda Baba zai dube ki.

Tambaya: Wani mai ɗinki daga Tudun Wada yana son sanin bambancin jiri da tangaɗi.

Amsa: Jiri ji ake yi, tangaɗi gani ake yi. Mai jiri shi ya san duniya na juya masa, mai tangaɗi kuwa kowa na ganin yadda ƙafarsa ke kauce wa hanya. Tambayarka ta haɗu da ta 'yar'uwarka ta sama, domin barasa tana taɓa aikin GABA a ƙaramar ƙwaƙwalwa, shi ya sa mashayi ke tafe yana layi. Ciwo a wannan sashe ma kan kawo haka ga wanda bai taɓa kurɓa ba, don haka a yi hattara da yi wa mai tangaɗi mummunan zato. Likita kan ce wa irin wannan majinyaci ya taɓa hancinsa da yatsa, sannan ya taɓa yatsan likitan. Ƙarfi yana nan a hannun, amma sai yatsa ya riƙa karkarwa idan ya doshi wurin, ya gaza kaiwa, ko ya wuce gona da iri, kamar mai shukan da bai lura da iyaka ba har ya zuba irinsa a gonar maƙwabci.