Kamfanin Wuta Ya Kwashe Mini Kuɗi Babu Sanarwa: Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina zaune a Ingila. Kamfanin da ke ba mu wuta da gas yakan cire fam 140 duk wata daga asusuna ta tsarin Direct Debit. Ranar Litinin na duba sai na ga an cire fam 612, ba wasiƙa ba saƙo, kuma kuɗin hayar gida ne na ajiye. Da na kira su, wadda ta ɗauka ta ce cikon lissafin baya ne, za su bincika. Wata ƙawata ta ce in soke tsarin gaba ɗaya in huta. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Ki kwantar da hankalinki, domin dawo da kuɗin nan ya fi sauƙi fiye da yadda kike zato, kuma ba sai kin jira binciken kamfanin ba. Bankinki za ki fara nufa.

Duk bankin da ke karɓar Direct Debit a Birtaniya yana ƙarƙashin wani alkawari mai suna Direct Debit Guarantee. Alkawarin ya ce idan kamfani zai canza adadin kuɗin da yake cirewa, ko ranar cirewa, ko yawan lokutan cirewar, dole ya sanar da mai asusu tun kafin lokacin, yawanci da kwana 10 na aiki, sai fa idan an yi yarjejeniya a kan wani wa'adi dabam. Ya kuma ce idan aka yi kuskure, daga kamfanin ne ko daga bankin, banki zai mayar wa mutum kuɗinsa cif, nan take. Daga baya bankin ne zai bi kamfanin ya karɓo, wannan tsakaninsu ne.

Kafin ki kira, ki ɗauki minti goma ki tabbatar da gaske sanarwar ba ta zo ba. Ki duba akwatin tarkacen imel, ki shiga manhajar kamfanin ki leƙa saƙonni da bil na ƙarshe. Sau da yawa a nan sanarwar take kwance, a ƙasan shafi na biyu da ƙananan haruffa. In babu, ki kira lambar da ke bayan katinki ki ce an cire adadin da ba a sanar da ke ba, kina neman a mayar miki a ƙarƙashin alkawarin, kuma ki ambaci sunansa da bakinki. Wani ma'aikacin zai ce ki je ki sasanta da kamfanin tukuna. Kada ki yarda, alkawarin bai gindaya wannan sharaɗi ba. Ki nemi a haɗa ki da na gaba da shi, in sun toge ki shigar da ƙorafi a rubuce, wanda zai iya kaiwa har gaban Financial Ombudsman Service, hukumar da ke raba gardama tsakanin bankuna da abokan hulɗarsu. Abu guda da za ki lura: idan ta lambar katinki aka cire kuɗin, wannan hanya ce dabam, alkawarin bai shafe ta ba. Bayanin asusunki zai nuna wacce ce.

To, ga inda na fi so ki ba ni hankalinki, domin a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Mayar da kuɗin da banki ya yi yana nufin an cire su ba bisa ƙa'ida ba. Bai wanke ki daga bashi ba, in akwai bashin. Fam 612 ɗin za su koma kan lissafinki a wurin kamfanin, kuma za su sake nema. Ruwa ba ya tsami banza, don haka sai kin gano daga ina adadin ya fito.

Ki ɗauki waya ki je gaban mita, ta wuta da ta gas, ki ɗauki hoton da zai nuna lambobin karatu da kuma lambar jikin mitar kanta. Sai ki ɗauko bil ki kwatanta. Kusa da kowane karatu za ki ga alama: harafin E na nufin kintace aka yi, A na nufin an karanta da gaske. Abin da na fi yawan gani shi ne a shafe wata da watanni ana kintace ƙasa da abin da gida ke sha, ranar da aka samu karatun gaskiya sai tarin ya fito lokaci guda. Wani lokaci kuma akasin haka ne, kintacen ne ya yi yawa, kuma hotonki kaɗai ya isa ya rushe lissafin. A gidajen da aka raba gida-gida, inda mitoci suke jere a akwati ɗaya ƙarƙashin bene, akan haɗa mutum da mitar maƙwabci. Shi ya sa na ce ki kwatanta lambar jikin mitar da wadda ke kan bil, harafi da harafi. Ko mitar zamani ce mai aika karatu da kanta, ki duba, don takan daina aikawa ba tare da mai gida ya sani ba.

Tunda sun ce cikon baya ne, ki tambaye su daga wace rana zuwa wace rana. Hukumar Ofgem, mai kula da kamfanonin makamashi a Ingila da Sikotland da Wales, ta kafa ƙa'ida tun watan Mayun 2018: kamfani ba zai caji gida kuɗin wuta ko gas da aka sha fiye da wata 12 da suka wuce ba, matuƙar shi ne bai fitar da bil na daidai a kan lokaci ba. Kariyar tana faɗuwa ne idan mai amfani da wutar ya hana a karanta mita ko ya yi mata maguɗi. Idan ɓangare na kuɗin ya wuce shekara, ki rubuta musu su cire shi. Kada ki zauna jiran su tuna da kansu.

Shawarar ƙawarki kuwa, na san da kyakkyawar niyya ta ba ki, amma ban goyi bayanta ba. Kina da ikon sokewa a kowane lokaci ta bankinki, wannan haƙƙinki ne. Sai dai mai biya ta Direct Debit yawanci farashinsa ya fi sauƙi a kan mai jiran bil ya zo sannan ya biya, kuma da zarar kuɗi ya daina shiga sai wasiƙun bashi su fara, abin da kan iya ɓata wa mutum suna a wurin masu ba da lamuni. Gudun gara ke nan a faɗa gidan zago. Idan kina tsoron su sake cire babban adadin, ki sa su tabbatar miki a rubuce cewa cirewa ta gaba fam 140 ce. In sun ƙi, sannan ki soke, ki sanar da su, ki ci gaba da tura musu kuɗin wata da hannunki har a warware.

Maganar "za mu bincika" ta waya ba ta da ranar ƙarewa. Ki aika musu imel yau, ki rubuta a sarari cewa ƙorafi kike shigarwa, ki sa ranar da aka cire kuɗin, adadin, da hotunan mita, ki nemi lambar ƙorafi. Idan cirewar ta jawo miki cajin banki ko tarar jinkirin haya, ki haɗa da shaidar ki nemi su biya. Daga ranar agogo ya fara: bayan mako 8 ba a warware ba, ko suka ba ki wasiƙar cewa sun kai ƙarshen abin da za su yi, kina iya kai su gaban Energy Ombudsman, hukumar da ke raba gardama tsakanin kamfanonin makamashi da abokan hulɗarsu. Kyauta ne, kuma in kin karɓi hukuncin, dole kamfanin ya aiwatar. Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara, su ma suna taimakawa ba tare da ko sisi ba.

Idan an gama lissafi ya tabbata akwai abin da suke bin ki, ba a tilasta miki biya a dunƙule. Ƙa'idar Ofgem ta wajabta musu su duba ƙarfin aljihunki su tsara biya kaɗan-kaɗan. Ki zauna ki lissafa haya da abinci da kuɗin mota, ki faɗi adadin da za ki iya ɗorewa a kai duk wata, ko da bai kai wanda suka fara ambata ba. Mai gidan haya kuma ki tura masa saƙo tun yau cewa banki na kan mayar da kuɗin, don kada ranar biya ta zo ya ji shiru.