Tun da na dawo daga Jos komai na gidana haushi yake ba ni

TAMBAYA: Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana huɗu, babbar tana ƙaramar sakandare, autan bai daɗe da yaye ba. Ina da aminiya tun muna makarantar kwana, gadonta a sama nawa a ƙasa, garin kwakinmu ɗaya, sabulunmu ɗaya. Aure ya kai ta Jos, rabon da mu haɗu tun sunan ɗana na biyu. A hutun ƙarshen shekara maigida ya amince na je, ƙanena ya raka ni, yaran kuma na bar su wurin babansu da ƙanwarsa. Gwaggo, na manta rabon da in yi irin wannan barci. In na yi asuba sai in koma cikin bargo, babu mai kiran Umma. Ta yi min gwaten acca, muka je kasuwar Farin Gada muka jido kabeji da karas, dare kuwa hira muke har sai ɗaya ta ji ɗaya ta yi shiru.

Da na dawo na tarar da wanki ya kai ƙugu, autan da mura, gindin tukunyar miyata ya ƙone. Maigida ya ce "an gama yawon?" Da dariya ya faɗa, amma ta tsaya min a rai. Uwar mijina kuma ta ce su a zamaninsu mace ba ta barin ɗan yaye ta tafi ganin ƙawa. Tun daga ranar nake yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, kullum ina auna gidana da nata: ita 'ya'yanta biyu, tana aikin asibiti, ga mai taya ta aiki. Har na fara cewa da ban je ba. Laifi na yi ne, ko shaiɗan ne ya shiga tsakanina da gidana?

Uwar 'ya'ya huɗu, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Mu fara sauke wannan kayan daga kanki: ba ki yi laifi ba. Da izinin mijinki kika fita, da rakiyar ƙaninki, yaran kuma a hannun ubansu da gwaggonsu kika bar su, ba a hannun maƙota ba. Ya zo a hadisi ingantacce cewa wani mutum ya kama hanyar wani gari don ziyarar ɗan uwansa, Allah ya tsayar masa da mala'ika a kan hanya ya tambaye shi ko akwai wata bukata da ta kai shi. Ya ce babu, yana son sa ne saboda Allah. Mala'ikan ya yi masa albishir cewa shi ma Allah yana son sa. Manzon Allah (SAW) kuwa, bayan rasuwar Nana Khadija, in ya yanka akuya sai ya aika wa ƙawayenta da naman. Ƙawance ba wasan 'yan mata ba ne da ake ajiyewa ranar kai amarya.

Sai dai abin da kika gani a Jos zaman baƙuwa ne, ba zaman aminiyarki ba. Kafin ki sauka ta yi kwana da kwanaki tana shiri, ta nemi hutu ko ta yi musanyar aiki da wata, ta gyara ɗaki, ta ja wa yaranta kunne. Baƙo raɓa ne, kowa yana iya yi masa fara'a. Ki kira ta ki tambaye ta ƙarfe nawa take tashi ranar Litinin a watan Janairu, a garin da ke bisa tudu mai tsayin mita 1,200 da wani abu, inda ba a yi wa yaro wanka sai an dafa ruwa. Ki tambaye ta yadda take dawowa daga aikin dare ta ɗora tukunya. Ki kuma tambaye ta wa take bar wa yara in ta tashi fita, alhali danginta kaf suna Kano. Mutanen Jos sun ga rikicin 2001, sun ga na 2008 da 2010, sun san zaman dokar hana fita da yara a ɗaki, ga dangi na kiran waya hankali a tashe. Ba mamaki ita ma da ta rako ki tasha ta koma tana cewa ke kam kin huta, ga ki kusa da Hajiyarki, ga ƙanwar miji da za ta riƙe miki yara.

Tsawar da kike yi wa yara kuwa, kafin ki ɗora wa shaiɗan, ki duba gajiya. Shekara da shekaru kina cikinta har kin daina jin ta, sai da kika yi barci ya ishe ki sannan jikinki ya gane. Kuma dubi yadda kika dawo: daga Jos ki biyo Jengre da Saminaka, ki ratsa dajin Falgore, Tudun Wada, Kwanar Dangora, wuni guda a takure cikin mota, ki sauka ki cire mayafi ki nufi kicin. Wa zai yi fara'a? In Allah ya sake nufarki da wata tafiyar, ki dawo da saura kwana ɗaya ko biyu a koma makaranta, ki bar musu miya a firji, ranar dawowar kuma a sayo gurasa ko tsire a ci, wanki ya jira gobe.

Maganar uwar mijinki da gaskiyarta, amma rabi ta faɗa. Su ba sa zuwa ganin ƙawa, haka ne. Amma a babban gida suka zauna, da facaloli da kakanni da 'yan riƙo, yaro in ya yi kuka hannu goma ne zai miƙo. Mai kishiya tana fita girki ta samu kwana biyunta. Haihuwar fari gida ake tafiya wanka, a yi arba'in ko fiye ana dama mata kunun kanwa ba ta ɗaga tsinke. Ga ganin gida, ga bikin dangi a ƙauye da ake tafiya a share mako. Hutun yana nan, sunansa ne ba hutu ba. Ke kuma an rufe ki a gida mai get ke kaɗai, ke ce mai girki, ke ce mai wanki, ke ce malamar aikin gida na boko da na Islamiyya. Wannan bayanin naki ne, don Allah kada ki ɗauka ki kai wa Hajiya. Ita ki je ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce an gode da addu'a. Ina fata dai tsarabar dankalin turawan Jos ta isa ɗakinta kafin ta isa na kowa. In ba ta isa ba, to ga inda zancen ya samo asali.

Shi kuwa maigida, "an gama yawon?" fassararta ita ce ya sha wuya, bai san yadda zai faɗa ba. Kada ki rama da gori. Ki samu lokacin da ya ci ya ƙoshi, yara sun kwanta, ki gode masa sosai, don maza da yawa ba za su bari ba. Sannan ki tambaye shi me ya fi ba shi wahala da ba kya nan. Ki bar shi ya zayyana: tashin dare da autan, neman takalmi ɗaya da safe, faɗan wa zai riƙe rimot. Kada ki ce "ka gani ko?" Ya riga ya gani. Daga nan ki roƙi abu ɗaya tak, mai suna da lokaci. Misali ranar Asabar da safe in manyan sun tafi Islamiyya, ya ɗauki autan ya kai shi wurin Hajiya har azahar, ke kuma ki rufe ƙofa ki kwanta, ba ki ɗauko tsintsiya ba. Namiji in kin ce masa "ka riƙa taimaka min" ba ya sanin ta inda zai kama, amma in kin ce Asabar, ƙarfe tara, ya gane. Yaran ma a raba musu aiki, har mazan. Kada komai ya koma kan babbar don kawai ita ce mace.

In kuma kika wuce mako biyu a haka, barci ya ƙaurace, abinci ya fita daga ranki, kina kuka ba dalili, ko abin da kike so da can duk ya daina burge ki, to ki je asibiti. A duba jininki, don mai shayarwa da ta yi yaye sau da yawa jininta a ƙasa yake, ki kuma faɗa wa likita halin da zuciyarki take ciki ba tare da kunya ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen da ke duba irin wannan.

TAMBAYA: Gwaggo, matata ta matsa tana son zuwa Kaduna wurin ƙawarta ta ƙuruciya. Abokaina a majalisa sun ce in na bari sau ɗaya na buɗe ƙofar da ba zan iya rufewa ba. Me kika gani?

Magidanci daga Gusau

AMSA: Malam, kai ka san matarka, ka san ƙawar tata da gidan da take aure, 'yan majalisa ba su sani ba. In ka yarda da tarbiyyar gidan, ka duba lafiyar hanya, ka haɗa ta da ɗan rakiya, a yi tafiyar rana, ka ba ta kuɗin mota da na tsaraba, ku tsayar da ranar dawowa tun kafin ta fita. Kai ma ai kana zuwa ɗaurin auren abokai har Sakkwato ka kwana, ba wanda ya ce ka buɗe ƙofa. Kafin ta tafi ka sa ta nuna maka inda take ajiye katin asibitin yara da makullin sito, da wanda ba ya cin kuɓewa a cikinsu.